Zaɓen salansa ga motar ƙwanji ta Amurka, daga bakin inji zuwa bamba

Tun da Pontiac ta fitar da GTO a 1964, dabarar motocin ƙwanji na Amurka ba ta canza ba: a ɗauko babban inji mai silinda takwas a cusa shi a jikin mota matsakaiciya. Mustang, Camaro, Charger, Challenger, duk a kan wannan turba suka yi suna. Kuma da wuya mai irin wannan mota ya daɗe bai fara tunanin canza salansa ba, domin kamfani yana fitar da ita ne da salansar da za ta gamsar da doka da maƙwabta da masu lissafin kuɗinsa, shi kuwa mai mota so yake a ji zuwansa tun daga kwana.

Inda ake yin asara shi ne wajen zaɓe. Yawancin masu saye ɗan gajeren bidiyo suke kallo, wanda aka ɗauka daga bayan mota ana zuga totur a tsaye. Amma mai mota ba a bayan bamba yake zama ba. A ciki yake, gilasai a rufe, a kan doguwar hanya, inji yana juyi a hankali. Salansar da za a iya zama da ita a wannan hali ita ake nema, kuma duk matakan da ke ƙasa can suka nufa.

Mataki na 1: Ka tsai da abin da kake so

Murya kake so ko ƙarfi? Ka amsa wa kanka tsakani da Allah, don kuɗin ba ɗaya ba ne. A motocin zamani salansar kamfani ba ta shaƙe inji kamar yadda masu talla ke nunawa. Mustang GT ta 2018 tana ba da ƙarfin doki 460 da salansarta ta asali, Camaro SS ta 2016 tana ba da 455, Challenger Scat Pack kuwa 485. Idan ka canza tukwane, wato gwangwanayen da ke rage ƙara, da bututun baya kawai, abin da za ka ƙaru da shi da wuya ya wuce doki 10 zuwa 15, kuma ƙafarka ba za ta ji bambancin ba. Kunnenka ne zai ji. Ƙarfi na gaske yana gaba, kusa da inji, kuma yana tafe da ƙarin kashe kuɗi da ƙarin rigima da doka. Tsofaffin motocin shekarun 1960 da 1970 kuwa labarinsu daban ne, don manifol ɗinsu na zubin ƙarfe, wato akwatin da ke tara hayaƙi a bakin inji, da siraran bututansu suna riƙe inji sosai.

Mataki na 2: Ka shiga ƙarƙashin motarka

Kafin ka buɗe shafin kowane kamfani, ka kai motar gareji mai rami ko na'urar ɗagawa, ka bi hanyar hayaƙin da idonka daga gaba zuwa baya. Za ka ga manifol biyu, ɗaya a kowane gefen inji. Bayansu katalis mai tace gubar hayaƙi, wanda makanikan Najeriya ke kira indomi, da sensa mai auna hayaƙi, ɗaya kafinsa ɗaya bayansa. Sai bututun tsakiya, galibi da wata ƙaramar tukunya mai tace sauti da ake kira rezoneta. Daga nan bututu ya ratsa ta wajen aksil na baya ya shiga manyan tukwane, sannan bakin da ke leƙowa a ƙarƙashin bamba.

Ka rubuta shekarar motar, girman injin, da irin giyarta, don saiti ɗaya ba ya shiga duka. Sai ka duba abu uku da masu saye kan manta.

Na farko, bawul. Motoci da yawa na baya-bayan nan suna da bawul mai aiki da lantarki a kan salansa, yana buɗewa yana rufewa bisa umarnin kwamfuta. Ford ta sa wa Mustang GT irin wannan a matsayin zaɓi daga 2018, har da tsarin da za ka saita lokaci motar ta riƙa tashi a hankali don kada a tashi unguwa da asuba. Camaro ma tana da nata mai murya biyu. Idan motarka tana da bawul ka sayo saitin da ba shi da gurbinsa, ka yi asarar wannan dama, kuma kwamfuta na iya fara ƙorafi.

Na biyu, ko injin yana kashe rabin silindarsa. Injinan Hemi na Charger da Challenger, masu lita 5.7 da 6.4 da giya otomatik, suna da tsarin MDS, wanda ke kashe silinda huɗu idan ana tafiya ba nauyi don a rage shan fetur. Injin Camaro SS mai otomatik ma yana da makamancinsa. Wannan zai dawo mana a batun tukunya, don shi ne ke ɓata wa masu Charger da Challenger rai fiye da komai.

Na uku, abin da aka riga aka yi wa motar. Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su Legas ko Kwatano daga gwanjon Amurka suke, wasu sun yi haɗari, wasu sun sha gishirin da ake watsawa a titunan jihohin dusar ƙanƙara irin su Mishigan da Ohayo. Ka duba tsatsa a kusoshin manifol, ka duba ko bututu ya lotsa, ka ƙwanƙwasa katalis ka ji ko akwai abu a ciki. Ana fafe cikinsa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinsa, filatinam da faladiyam da rodiyam, a mayar da kwanson a yi walda kamar ba a taɓa ba.

Mataki na 3: Daga ina za ka fara yankewa?

Kasuwa ta raba kayan gida uku. Akwai aksil-bak, wato daga aksil na baya zuwa bamba: tukwane da baki kawai. Shi ne mafi arha, mafi sauƙin ɗaurawa, kuma murya kawai yake canzawa. Akwai kat-bak, daga bayan katalis har ƙarshe, wanda ya haɗa da bututun tsakiya. A nan ne kake samun ikon zaɓen faɗin bututu da irin mahaɗar da ke haɗa na hagu da na dama, kuma bai taɓa katalis ko sensa ba, don haka fitilar cek-inji ba za ta kunnu ba. Ga mafi yawan mutane, a ganina, nan ya kamata a tsaya.

Na uku shi ne heda, wadda ke maye gurbin manifol. Maimakon duk silinda huɗu na gefe guda su zuba hayaƙinsu a akwati ɗaya suna gogayya, kowace silinda tana samun bututunta, sai su haɗu a ƙasa. Gajeruwar heda tana shiga gurbin manifol ta bar katalis a inda yake, amma ribarta kaɗan ce a mota ta zamani. Doguwar heda ita ce mai ba da ƙarfi na gaske, doki 20 zuwa 30 ko sama da haka a inji irin Coyote 5.0 na Mustang GT ko Hemi, amma da sharaɗi: sai an sake saita kwamfutar inji. Tana tura katalis baya ko ta kore shi gaba ɗaya, tana buƙatar a ƙara wa wayoyin sensa tsawo, tana ƙara zafi a kusa da kik da sandar sitiyari, kuma ɗaura ta aikin yini ne ga makaniken da ya san motar. Idan babu mai iya saita kwamfutar a garinku, ko wanda zai yi maka daga nesa ta intanet, ka haƙura da doguwar heda. A tsohuwar mota mai kafireta, abin da ke madadin wannan shi ne sake daidaita jet, wato 'yan ƙofofin da fetur ke bi, bayan an ɗaura.

Mataki na 4: Faɗin bututu

Akwai magana biyu da ake yawan ji a gareji, kuma dukkansu da gyara. Wasu su ce inji yana buƙatar a ɗan toshe masa hanya don ya yi ƙarfi. Wasu su ce gwargwadon faɗin bututu gwargwadon ƙarfi. Inji ba ya son toshiya ko kaɗan. Abin da yake so shi ne hayaƙi ya fita da gudu. Hayaƙi ba zuba yake yi kamar famfo ba, dunƙule-dunƙule yake fita, kowace silinda da nata bugun. Idan dunƙule ɗaya ya wuce da gudu, yana barin ɗan gurbi mai zuƙa a bayansa, wannan zuƙar ita ke taimaka wa silinda ta gaba ta kwashe nata hayaƙin. Bututun da ya yi faɗi da yawa yana kashe wannan gudun, kamar ruwan da ya fito daga tiyo da ƙarfi ya faɗa faffaɗar kwata ya yi lis. Sakamakon shi ne mota ta yi sanyin jiki wajen tashi daga tsaye, inda direba ya fi jin ta kullum.

Rabin inci ba ƙaramin abu ba ne. Daga inci 2.5 zuwa inci 3, faɗin ramin yana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari. Abin da masu wannan sana'a suka saba bi shi ne bututu biyu masu inci 2.5 sun wadatar da inji har zuwa wajen doki 400 da 'yan kai, irin Challenger R/T mai 5.7 da ke ba da 375 ko ƙasa kaɗan. Inci 3 kuwa na injin da ya doshi 500 ne ko ya haura, ko wanda aka ɗora wa sufacaja mai cusa wa inji iska, irin Challenger Hellcat da ta fito da doki 707 a 2015. Tsakaninsu akwai inci 2.75. Ka tuna kuma faffaɗan bututu ya fi ƙara, ya fi sauka ƙasa, kuma motar da dama can a ƙasa take za ta riƙa gogar tudun rage gudu.

Ka lura da yadda aka lanƙwasa bututun. Na ƙwarai ana sa masa sanda a ciki lokacin lanƙwasawa, don haka faɗinsa bai raguwa a kwana. Wanda aka lanƙwasa da na'urar matsewa ta gareji kuwa za ka ga kwanar ta tsuke ko ta yi tamoji. Bututu mai inci 3 da aka matse a kwana huɗu bai fi mai 2.5 da aka lanƙwasa da kyau ba.

Mataki na 5: Mahaɗa, H ko X

Wannan gurnani mai tsalle-tsalle da ake gane V8 na Amurka da shi, wato inji mai silinda takwas, daga tsarin kurankishaf yake, sandar da fistin ke juyawa. Silindun gefe guda ba sa bugawa a tazara daidai, wani lokaci biyu su biyo juna kusa-kusa. Shi ya sa ake haɗa bututun hagu da na dama a tsakiya don su raba nauyi. Mahaɗa mai siffar H ɗan gajeren bututu ne a gicciye, tana barin murya ta yi kauri da zurfi irin ta da. Mai siffar X tana cakuɗa hayaƙin gefen biyu gaba ɗaya, murya ta yi kaifi da santsi, kuma takan ba da 'yar riba a saman juyi. Bambancin ƙarfinsu kaɗan ne ƙwarai, don haka kunne ya kamata ya yi hukunci. Injin Coyote dama muryarsa tana da kaifi, idan aka haɗa masa X kuma aka cire rezoneta yakan koma karaɗi mai tsaga kunne, shi ya sa masu Mustang da yawa ke komawa H. Shelby GT350 mai inji 5.2 daban take, kurankishaf ɗinta shimfiɗaɗɗe ne, ba za ta taɓa yin gurnanin Charger ba ko me aka ɗaura mata.

Mataki na 6: Tukunya, da batun ƙugi

A nan ya kamata ka ɓata lokaci. Tukwane iri biyu ne manya. Akwai mai ɗakuna, wadda aka gitta faranta a cikinta sauti yana karo da juna yana kashe kansa. Kamfanin Flowmaster ya yi suna da wannan, kuma lambobinsa suna nuna hali: Super 10 ƙara ce zalla, jerin 40 da Super 44 su ne muryar da aka fi sani, jerin 50 ya fi natsuwa. Akwai kuma mai miƙaƙƙen ciki, bututu mai huje-huje da aka naɗe da audugar gilashi ko zaren ƙarfe yana shanye sauti. MagnaFlow haka take, kuma tsohuwar jar Cherry Bomb ita ce kakar wannan gida. Irin wannan ta fi barin hayaƙi ya wuce, muryarta ta fi laushi, amma idan audugar ta ƙone da tsufa ƙara tana ƙaruwa. Borla tana sayar da mataki uku, Touring da S-Type da ATAK, daga mai hankali zuwa mai tada unguwa. Corsa kuwa ta gina sunanta a kan kashe ƙugin cikin mota.

Ƙugin nan shi ne babban abokin gaba. Ba ƙarar da ake ji a waje ba ne lokacin da aka taka totur. Wani amo ne mai kauri da ke cika cikin mota idan ana tafiya a gudu ɗaya, galibi tsakanin juyi 1,500 zuwa 2,200 a minti, har ka ji madubi yana rawa, kai yana nauyi, na kusa da kai sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi. Lissafinsa mai sauƙi ne. V8 yana bugu huɗu a kowane juyi. A juyi 1,800 a minti, wato 30 a daƙiƙa, bugu 120 ke nan a daƙiƙa, kuma irin wannan amo ne bututu da ɗakin mota ke amsawa su ninka shi. Abin takaicin, motocin zamani masu giya takwas ko goma a daidai wannan juyi suke zama a kan babbar hanya. Idan kuma MDS ya kashe silinda huɗu, bugun ya ragu da rabi, murya ta koma wani bubbuga mara daɗi. Salansar kamfani an tsara ta ta ɓoye wannan. Ka cire ta ka sa mai buɗaɗɗen ciki, duk lokacin da injin ya sauya za ka ji.

Don haka ga abin yi. Kada ka yi saurin cire rezoneta, ita ce mai aikin da ba a gode mata. Ka nemi wanda yake da mota irin taka, inji ɗaya, giya ɗaya, da salansar da kake sha'awa, ka roƙe shi ya ɗauke ka a kan hanya mai tsawo da gilasai a rufe da rediyo a kashe. Idan ba ka samu ba, ka nemi bidiyon da aka ɗauka daga cikin mota ana tafiya, ka saurara da abin ji na kunne, don lasifikar waya ba ta fitar da amo mai kauri, ƙugin ma ba za ka ji shi ba. Idan kana shakka tsakanin mataki biyu, ɗauki mai ƙarancin ƙara, musamman idan kana da niyyar sa heda nan gaba, don heda tana ƙara wa kowace tukunya murya sosai. Wanda kuma ya riga ya faɗa, akwai magani: a yi waldar wani rufaffen bututu mai siffar J a gefen babban bututun, tsawonsa kwatan zangon amon, wato kwatan tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, abin da yakan kama santimita 70 zuwa 90. Sauti yana shiga ya dawo ya kashe ɗan'uwansa.

Mataki na 7: Irin ƙarfe

Ƙarfe mai rufin alminiyam shi ne mai arha, yana ruɓewa daga wajen walda. Sitenles 409 shi kamfanonin mota suka fi amfani da shi, yana yin jar tsatsa a sama amma ba ya hujewa da wuri. Sitenles 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne mai daɗewa, sai dai ya koma ruwan zinariya da zafi. Ka tafi da maganaɗisu: yana kama 409 gam, 304 kuwa da ƙyar ko ba ya kamawa. A busasshiyar ƙasa 409 ya isa. A bakin teku, ko motar da ake tayarwa a yi gajeriyar tafiya a kashe, ruwa yana taruwa a cikin tukunya, 304 ya fi.

Mataki na 8: Doka da garanti

A Amurka katalis ya zama ruwan dare daga motocin 1975, kuma dokar tsaftar iska ta tarayya ta haramta cire shi daga motar da ke hawa titi. Duk kayan da aka rubuta wa cewa na filin tsere ne kawai, abin da ake nufi ke nan. Kalifoniya ta fi tsanani: heda ko katalis sai mai lambar amincewar CARB, hukumar kula da iska ta jihar, kuma iyakar ƙarar salansar ƙananan motoci 95 ce a ma'aunin ƙara na desibel. Game da garanti, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana dila soke shi don kawai an sa kayan wani kamfani, sai in kayan ne ya jawo lalacewar. Amma taɓa kwamfutar inji yana ba su hujja mai ƙarfi.

Ko a inda ba a binciken hayaƙi, ban ga hikimar fafe katalis ba. Fitila za ta kunnu da lambar P0420 ko P0430, ta zauna a kunne har ta ɓoye maka wata matsalar ta gaske ranar da ta zo, ga warin ɗanyen fetur da ke bin tufafi. Mai son ƙarin hanya ya sa katalis mai faffaɗan ƙofofi.

Mataki na 9: Ɗaurawa da gwaji

A bar mota ta huce sarai. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe. A fesa wa kusoshi man sassauta tsatsa tun daren da ya gabaci ranar aikin, a shafa wa robobin rataye ruwan sabulu su zame. Wasu motocin sai an yanke bututun asali, to a auna sau biyu bisa takardar da ta zo da kayan, kuma a adana tsohuwar salansar, don ranar sayar da mota za ta yi rana.

A jera sabon saitin daga gaba zuwa baya, maɗaurai a sake, kada a ƙulle ko ɗaya sai komai ya hau. Sannan a koma baya a daidaita bakin biyu su yi tsawo ɗaya a tsakiyar gurbin bamba, a tabbata akwai tazarar yatsa ko fiye tsakanin bututu da bamba, da tankin mai, da tiyon birki, domin sitenles yana miƙewa idan ya yi zafi kuma robar bamba tana narkewa. Daga nan a ɗaure daga gaba zuwa baya. Idan an taɓa manifol, sabon gaskit dole ne. A hana mai walda liƙe mahaɗan da aka yi don maɗauri, in ba haka ba ranar sauke giyabos sai an yanka.

A tayar da inji a fili, ba a rufaffen gareji ba, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da wari kuma tana kisa. A bi mahaɗai da tafin hannu daga nesa kaɗan ana neman inda iska ke hurowa, ko a saurari wani tas-tas da ke raguwa idan inji ya ɗumama, alamar yoyo ke nan a wajen heda. Ɗan hayaƙi da ƙauri a ranar farko man masana'anta ne ke ƙonewa. Bayan mota ta yi zafi ta huce sau uku ko huɗu, a koma rami a sake ɗaure kowane maɗauri da kusoshin heda, a duba ko baƙin toka ya fito a bakin wata mahaɗa. Muryar ma takan ɗan ƙara kauri a makonnin farko, don haka a jira ta zauna kafin a yanke shawarar ƙara rezoneta ko bututun J.